Ɓauren da Ke Kwance a Bayan Gidanmu

Mai girma shugaban wannan zama, Mista Hanrahan. Fada Keogh na cocinmu. Wakilin mai gida. Iyayena mata da maza na kowane bene. Jama'ar wannan layi na Bruklin, tsofaffin zuwa da sababbin zuwa, ina gaishe ku.

Sunana Nunziata. Ku yi haƙuri, ban taɓa magana a taro ba. Na gode da kuka saurari yarinya. Kakana Saverio, ga shi can bakin ƙofa da hula a hannu, ba ya jin Turanci, shi ya sa na zama bakinsa.

Na farko, gaskiya ne mun yi yawa. Duk jirgin ruwan da ya iso Amurka da baƙi sai an sake raba ɗaki a gidan nan. Ni ma ina bin layin makewayi cikin ƙanƙara, don haka ban ce kada a gina sabo ba.

Na biyu, wurin da aka zaɓa. Kuna tune da ranar da Uwargida Tierney ta hango kakana yana binne wani dogon abu naɗe da bargo, ta kira ɗan sanda. Da aka tone aka ga itace, ta ce, "Kai tsoho, a Italiya har itace ake yi wa jana'iza?" Ya ce in gaya mata can rana ba ta rowa, nan ne itace ke neman mayafi.

Ɓaure ne. Ana kwantar da shi a ƙasa har sanyi ya wuce. A daidai kansa ake so a gina makewayin. In aka tone shi yanzu, ya mutu. Reshe ne daga itacen ƙofar gidanmu na ƙauye, inda kakata ke zama kafin ta rasu. A jirgi kakana ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, yana raba ruwan shansa da shi. Ni ban tuna ƙauyen ba, ban tuna fuskarta ba, ban ma san ɗanɗanon ɓaure ba. Bana muke sa ran 'ya'yansa na fari. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kakana ya bar gida, amma bai yarda gida ya bar shi ba.

Na uku roƙo ne. A gina makewayin a kusurwar da ake zuba toka. Babana da yayyena za su kwashe ta.

Uwargida Tierney, ki gafarce ni. Kin taɓa nuna mini ɗan curin baƙar ƙasa, irin wadda ake hura wuta da ita, da kika zo da shi daga ƙasarku Ayalan, kika ce, "Shinshina, yarinya, ƙanshin murhun uwata ke nan." Naki ya shiga gwangwani. Namu sai a ƙasa yake rayuwa. Kafin ki ɗaga hannun ƙuri'a, ki tuna.

Allah Ya ba wannan gida zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka baro, Ya kai mu lokacin da za mu raba ɓauren bene bene.

Na gode.