Mai gyara ya huda min ƙasan mota

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sule baban Ladidi daga wajen Gezawa, wanda boko ya gudu ya bari.

Tsohuwar motata tana yoyo, ruwan sama yana taruwa ƙarƙashin kujera. Na kai wa mai gyara ya nemo inda yake shiga. Ya ce, "Baba, neman mashiga wahala ne, mu yi masa mafita." Ya huda ƙasan motar, ni sarkin wayo har da godiya!

Ranar da na ɗauko buhun taki na shiga kududdufi, ruwa ya ɓullo ta hujin, takin ya narke. Na koma, wai in toshe da totuwar masara!

Jama'a, gonata tana jiran taki. In kai shi gaban mai gari, ko in zuba kifi a motar?