Rasuwar Aminina Ta Wuce Ni a Waya

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga unguwar London a Libreville nake rubuto maka. Ni tsohon malamin makaranta ne, wanda yanzu ba a tambayarsa komai.

A da, idan Bahaushe ya rasu a garin nan, mutum ake aikawa ya bi gida-gida yana faɗa. Da waya ta zo, aka buɗe mana guruf ɗaya. Sai aka samu saɓani, 'yan Kano suka buɗe nasu, 'yan Nijar nasu, matasa ma nasu. Ni aka bar ni a tsohon, ban san kowa ya fice daga cikinsa ba. Na ɗauka shirun nan lafiya ce.

Ran Juma'a na hau taksi zuwa Owendo in duba aminina Alhaji Ɗanjuma, wanda muka zo ƙasar nan tare. Har goro na riƙe masa. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana sadakar uku. Ɗansa ya ce, "Baba, ai mun sa a guruf, ba ka gani ba?" Na ce, "Wanne daga ciki?" Ya sunkuyar da kai.

Ban sallace shi ba, ban kama makararsa ba. Wannan ne ci gaban da ake ta yabo?

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ni kaɗai nake kwana a ɗaki. Ranar da tawa ta zo, wa zai lura, balle a sanar? Wanda ya san ni, ya tako ya ƙwanƙwasa ƙofa. Goron yana nan.