Baba Kashe-Wuta Ya Bar Makarantarmu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Malama Saude, ina koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata kusa da Malumfashi.

Bara kuɗin lantarki ya fi ƙarfinmu, har aka ce za a yanke mana wuta. In an yanke, injin ruwa zai tsaya, yara sai zuwa rafi. Shugabanmu, Malam Yohanna, ya tara mu ya ce, "'Ya'yana, ɓarna za mu rage, ba karatu ba." Ya naɗa mai kula da wuta a kowane aji. Da rana a buɗe tagogi a kashe ƙwan lantarki, famfo mai yoyo a gyara shi nan take. Shi kansa ya daina kunna fanka, yana zaune a ofis da mafici yana zufa, yara suna dariya suna kiransa Baba Kashe-Wuta. Har yau ba a yanke mana ba.

Yanzu an mai da shi Danja, ga shi jiya na tarar da wuta a kunne da rana tsaka. Jama'a, ku ba mu shawara, yaya za mu riƙe abin da ya koya mana?

Baba, in kana saurare, 'ya'yanka suna gaisuwa. Wallahi muna kewarka.