Inda Hotunanmu Suke Zuwa a Cikin Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, wakilin Hakimi, masu unguwanni, malaman wannan cibiya, iyayenmu maza da ke gaba, iyayenmu mata da ke can ƙarshen rumfa, 'yan'uwana ɗalibai da muke kammala karatu yau, ina gaishe ku baki ɗaya. Sunana Sumayya Sada. Ku yi mini haƙuri, ban taɓa magana a gaban jama'a ba. Ina godiya ga Malama Maijidda, wadda ta koyar da mu ba tare da ta taɓa yi mana dariya ba.

An ce in bayyana sunayen kayan kwamfuta, kuma zan yi. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko innata: ba sha'awa ce ta kawo ni nan ba, tsoro ne. Tun abin da ya sami Haulatu 'yar kawuna ban sami natsuwa ba. Na nemi izininta kafin in ambaci sunanta, ta ce, “Faɗi, ai an riga an gama faɗa.”

Da farko, akwai kayan da hannu yake taɓawa. Sikirin shi ne gilashin da kake kallo. Kibod shi ne faifan haruffa, wanda kakata Hajo ta gani ta ce, “Ke, wannan talabijin ɗin har da haƙora?” Mawus shi ne ɗan abin da kake ja a kan tebur, kibiya tana bin sa. Akwatin da ke gefe, a cikinsa ake aikin duka, kuma a cikinsa akwai had-disk, wato rumbun ajiya. Filash da memori ƙananan rumbuna ne da ake sawa a aljihu. Sai kuma manhaja, wadda hannu ba ya taɓawa: ita ce ilimin da aka zuba wa na'urar, da ita take rubutu, da ita take buɗe hoto. Kowane hoto ko takarda sunansa fayil, jakar da ake tara su kuma folda.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Kalmomi biyu nake roƙo ku riƙe, iyayena mata, ko da kun manta sauran.

Ta farko ita ce kwafi. A gidajenmu, in an ɗauki abu, wurinsa yana zama fayau, sai ka san an ɗauka. A kwamfuta ba haka ba ne. Ana ɗaukar abu ya tafi, kuma yana nan. Ranar kamun yayar Haulatu, mata zalla a tsakar gida, aka yi hotuna ba mayafi. Ta kai memorinta wani shago a wanke mata kaɗan daga ciki, waɗanda suke da lulluɓi. Da ta koma gida ta duba, komai yana nan, ba abin da ya ɓace, sai hankalinta ya kwanta. Ba ta san an kwafe foldar duka zuwa rumbun shagon ba.

Ta biyu ita ce dilit, wato gogewa. Da wata ƙawarta ta tsorata ta cewa mai yiwuwa an kwafe hotunan, Haulatu ta koma shagon. Mai shagon ya ce, “Haba ƙanwata, zo ki gani da idonki.” Ya danna, hotunan suka ɓace daga sikirin, har ta yi masa godiya. Jama'a, abin da aka goge ba ya mutuwa nan take. Wani wuri yake faɗawa da ake kira kwandon shara, kuma duk mai so yana iya tsamo shi. Sai an zubar da kwandon. Ko an zubar ma, wanda ya ƙware yana iya tonowa.

Sauran kun sani. Hotunan suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har garin Sandamu. Haulatu ta daina zuwa Islamiyya, ta daina zuwa ko'ina. Ba ta yi abin kunya ba. Kalma biyu ne ba ta sani ba, kuma ba wanda ya koya mata.

Na ji ana cewa a rufe ajin mata, tunda kwamfuta ce ta jawo wannan. Iyayenmu, don Allah ku duba. In kun rufe ajin, ba za mu daina zuwa biki ba, ba za a daina hoto ba, ba za mu daina miƙa memori ga wanda ba mu sani ba. Abin da za mu daina kawai shi ne gane abin da yake yi a gabanmu.

An yi mini tayin aikin buga takardu a wani shago a kasuwa. Ban karɓa ba. Na roƙi Malama aron tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar aji, ta yarda. A ɗakin Inna nake so in ajiye ta. Duk macen da za ta kai hoto wanki, ta fara biyowa ta wurinmu, mu ware mata waɗanda take so a filash daban, sauran su kwana a gida. Haulatu ce za ta zauna a gaban kibod, na fara koya mata. Baba, ka yafe ni, yanzu kake jin wannan tare da kowa.

Allah Ya rufa mana asiri, mu da 'ya'yan kowa. Allah Ya saka wa malamanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.