Bargon da Hajiya Nafissa Ba Ta Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban 'yan kasuwarmu Alhaji Harouna, iyayenmu maza da mata, Goggo Shafa'atu babbar 'yar marigayiya, sai ku jikoki, rundunar cin tuwo: ina gaishe ku.

Ni ne Habibou, jikan Hajiya Nafissa, wanda take kira angonta. Kun san jika ba ya kuka a gaban jama'a don kaka, tsokana ce gadonsa. Don haka yau ango zai yi magana.

Ta kasance uwa ga duk wanda ya baro gida ya tsallako teku ya sauka titin Grand Concourse da rigar shan iska a watan sanyi. Ta kasance mai ɗinka bargo da ƙyallaye, kuma babu jaririn da muka raɗa wa suna a nan unguwarmu ta Bronx da bai kwanta a ɗinkinta ba. Ta kasance, jama'a, annoba ga telolin da ke titin Fordham Road. Da sun hango ta da jaka, sai su fara tattaro ragowar ankon bikin da ya wuce. Alhaji Harouna shaida ne. Ranar sunan ɗansa ta kama hannun shaddarsa ta ce, "Alhaji, wannan ta gaji. Ka aiko mini ita."

Ya aika. Wa ya isa?

Da ciwon yatsu ya matsa mata, Goggo Shafa'atu, cikin tausayi, ta sayo mata kwalin nan da yaranmu ke kira kit: ƙyallaye ne kamfani ya yanka, ya haɗa launi, sai ɗinki kawai. Marigayiya ta buɗe, ta shinshina, ta ce, "Shafa, wannan bikin wa ya je?"

"Inna, sabo ne fil."

"To bai san kowa ba. In lulluɓe jikana da baƙo?"

Tarihi ya tabbatar cewa kwalin ya ƙare rayuwarsa yana ajiye kuka da daddawa.

Yanzu ga abin da ya tsayar da ni. Kowane jika ya samu bargonsa, ban da autarmu Firdaoussi, wadda za ta tafi jami'a a Buffalo, garin da sanyi ke da sarauta. Nata rabi ne a kan keken ɗinki. Goggo ta ce a yi ciko da ƙyallayen kwalin, don ƙyallayen Kaka sun ƙare. Firdaoussi, wadda in ka yi mata Hausa take mayar maka da Turanci, ta buɗe baki da Hausa tsantsa ta ce, "Ba na son wanda bai san Kaka ba."

Goggo, ki yi haƙuri, an sake kayar da kwalinki. Amma ba mu jefar da shi ba. Ga shi nan, mun zazzage kukar. Ga almakashin marigayiya. Duk wanda ta taɓa lulluɓe masa ɗa, ya ba mu faɗin tafin hannu daga tufar da ta san shi da ita. Ke za ki ɗinka, Goggo, ke ta koya wa.

Ango ne zai fara. Wannan rigar ita ta zaɓa mini, ta ce ina kama da labule. Ga hannun rigar na yanke.

Firdaoussi, daina kuka, riƙe kwalin. Alhaji Harouna, na ga ka sa sabuwar shadda. Ba za a duba sabuntarta ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Hajiya Nafissa, Ya lulluɓe ta da rahamarSa yadda ta lulluɓe 'ya'yanmu. Amin.