Zoɓon da Ya Tona Min Asiri

Da 'yan kunnen Mama na gwal na tafi Amurka. Da hannunta ta cire su ta miƙa wa mai saye, ta karyo tsinken tsintsiya ta sa a hudar don kada ta toshe. "Har ki dawo ki mayar min," in ji ta. Ke Ummi lokacin kina famfara, ba za ki tuna ba.

A Greensboro ɗakin Anti Rabi na raɓa, wata 'yar Maraɗi mai kitso a unguwar Glenwood. Na daɗe ba aiki, sannan na samu a wani gidan abinci can Sedgefield, inda masu buga ƙwallon nan ta sanda suke cin abinci. Sai da na sa rigar aiki aka gaya min: duk mai kai faranti sai ta tallata jar giyar gidan. "Bilen" suke ce mata, wai inabi iri uku aka gauraya. Na sha kuka a bas. Na san hukuncin mai sha, na san na mai miƙawa. To ina zan je? Anti Rabi dai shinkafa na ce mata ina kaiwa.

Manajar wata doguwar Baturiya ce mai magana ta hanci. Ku dube ni: haka take juya kofi, ta cusa hanci, ta lumshe ido. "Mmm, baƙin ceri, ɗan barkono, ƙamshin itace. Dirai ce." Wai busasshiya! Ruwa tsamo-tsamo a kofi. Kuma wai tana da jiki, har da ƙafafu. Na ce a raina, saura ta miƙe ta kama hanya.

Kun san ni da kwaikwayo. Sati guda na haddace matar har da lumshe idon. Mai cin gasasshen naman rago in ce masa bilen ce abokiyar tafiyarsa, tana yanke maiƙo. Mai naman shanu ma haka. Mai kifi in girgiza kai, in ce za ta danne masa daɗi. Ko ɗigo ban taɓa ɗanɗanawa ba, amma na fi kowa sayarwa.

Sai ranar da sabuwar bilen ta iso. Da hantsi, kafin a buɗe, manaja ta jera mu, kowa da kofi.

"Kowa ya ɗanɗana, ya faɗa min abin da ya ji."

"Azumi nake, Madam."

"Haka kika ce wancan karon, Zainab. Ba sai kin haɗiye ba, ga bokiti, ki tofar."

A jakata akwai gorar zoɓon Anti Rabi. Na ce bari in kuskure baki. Na shige kicin da kofina, na zubar, na cika da zoɓo. Wallahi kala ɗaya! Na dawo na juya, na shinshina, na kurɓa. "Mmm, ceri, barkono..." Abin da ya kashe ni, ranar ce ta farko da akwai wani abu a bakina. Harshe ya faɗi gaskiya: "da citta, da kanumfari."

"Citta? Ni ban ji ba. Ba ni kofinki."

Ta kurɓa. Ta ɗago ta dube ni.

"Kin taɓa shan abin da kike sayarwa?"

"A'a, Madam."

Ta zuba ta gaske ta turo min. "Kurɓa ɗaya, ki ci gaba da aikinki."

Kada ku ɗauka jarumta ce. Na tuna tsinken nan, na so in ɗaga kofin. Hannun ne ya ƙi. Na tsaya kamar an dasa ni, har ta ce in ajiye rigar. Abin haushi, ina fita na hango ta tana shanye zoɓona.

Wani aikin bai samu ba har takardar izinin zamana ta ƙare. Na dawo da akwati ɗaya, kun gani. Mama ta tare ni a zaure, na kasa duban kunnenta. Ita ta kamo hannuna ta ɗora a kan tsinken.

"Ji nan," in ji ta. "Ba ta toshe ba."