Baba Hamdan da Zuriyar Juhaina

Awarwaron Inna aka sayar aka saya min tikitin jirgi, ku daina yaɗa cewa Alhaji ne ya biya. Na sauka ƙasar Turawa, wani gari wai shi Landoba. Ke Ummi, daina dariya, haka bakina ya kama sunan. Aikin kula da tsofaffi na samu can Wudubirij, gidan wata likita 'yar Sudan. Kullum muna kan titin Nainti-faif, motoci cunkus, ba gaba ba baya.

Mahaifinta, Baba Hamdan, shanyewar ɓarin jiki ta kwashe masa Turancinsa kaf, sai Larabci. Abinci kuwa ya ƙi. Rannan likitar ta tsare ni a kicin.

"Sista Hauwa, in bai ci ba zuwa Juma'a, wata zan nema."

"Dakta, wannan fate-faten Turawan, otmil, ko ni ba zan ci ba."

"Shi aka rubuta masa."

Tana fita na tuƙa tuwo mai laushi da miyar busasshiyar kuɓewa. Kun san kakata Shuwa ce, a hannunta na tashi, ina da ɗan Larabcinta. Na miƙa masa cokali na ce da Larabci, "Akul, Abba," wato ci, Baba.

Tsohon nan ya zuba min ido. "Ke 'yar su wa ce?"

"Kakata Salamat ce, daga Barno."

Sai hawaye. Ya cinye tuwon tas, aikina ya tsira.

Daga ranar na zama ɗaliba. Ya ce su Misiriya, da Rizaiƙat, da mu Salamat, duk Baggara ake ce mana, wato masu shanu. Asalinmu Juhaina ne na ƙasar Hijaz. Suka ƙetara Masar da raƙuma, suka bi kogin Nilu kudu, suka yi yamma. Da suka shiga ƙasar damina raƙuma suka kasa, aka koma shanu. Yana jero kakanni, Junaidu da 'ya'yansa, hannunsa mai lafiya yana dukan kujera.

Ni kuma ga tambaya. "Abba, duk taron nan uba ɗaya?"

Ya yi dariya da rabin baki. "Wasu jini, wasu alkawari. Wanda ya yi kiwo da ku, ya biya diyya tare da ku, jikansa ɗan'uwa ne."

"To mu ya aka yi muka kai Barno?"

"Kakanninku ba su san tsayawa ba. Saniya ta yi gaba, suka bi ta har suka ɓace."

Allah ya ji ƙansa, a hannuna ya cika. Da na dawo, ko akwati ban gama kwancewa ba na hau motar Maiduguri, wajen ƙanen kakata, Kaka Jidda. Na zayyana masa komai. Ya jero sunayen nan, wallahi kusan duk iri ɗaya. Sai ya gyara rawani.

"Mutumin nan ya san asali, ɗan'uwa ne. Amma wuri ɗaya ya ruɗe ki. Su ne suka gaji suka zauna a hanya. Mu muka iso."